Shekarar da Na Yi wa Salisu Kara

Akwai wani labari da kuka tashi kuna ji a gidan nan, ku 'ya'yana, har kun haddace shi. Duk ranar da aka taru, suna ne ko ɗaurin aure ko gaisuwar Salla, sai ƙanena, Babanku Salisu, ya gyara zama, ya ɗora hannu a kafaɗata, ya ce wa jama'a duk abin da ya zama a duniya ni ne sila, domin ni aka ba gurbin karatu, na ɗauka da hannuna na miƙa masa. Sai mutane su yi ta sa mini albarka, tsofaffin mata su ce irin su Lawali sun ƙare a zamanin nan, ni kuma in sunkuyar da kai ina jan carbi. Kun ɗauka kunya ce take sa ni sunkuyawa. To ba kunya ba ce, fuskata nake ɓoyewa kada a ga abin da ke cikinta. Yanzu da gemu ya yi fari, gwiwa ta fara ƙara in na tashi daga sujada, ina so ku ji yadda abin ya faru daga bakina. Ban ba Salisu gurbin nan ba. Kara na yi masa, shi kuwa ya karɓe, kuma tun daga ranar kishinsa nake yi.

Ni ne ɗan fari a ɗakin Inna. Ina lise, wato babbar sakandare, mahaifinmu ya rasu, na ajiye littafi na shiga shagonsa na kasuwa, shagon nan da kuka sani na dabino da shayi da sukari da cuku. Salisu a lokacin yana cikin famfara, ni nake ɗaukarsa a keke in kai shi lakwal, makarantar boko. Ban taɓa ƙin ciniki ba, amma zuciyata ba a shago take ba. Tun ina yaro Baba ya taɓa tafiya da ni sayen dabino cikin duwatsun Abzin. Muna bayan babbar mota da sassafe sai ga jiminu sun fito daga wani kwari suna gudu a gefenmu, suna watsa yashi da ƙafa, har direba ya rage gudu don mu kalla. Kafin in yi aure babu jimina ko ɗaya da ta rage a wajen, an harbe su a shekarun tashin hankali. Abin ya tsaya mini a rai. In mutanen daji suka zo sayen sukari sai in tsare su da tambaya, ko sun ga barewa, ko akwai sauran ragon dutse a wajensu, har wasu suka daina tsayawa a shagona in suna sauri.

Na haura talatin, an haifi Balkisa da Nasiru, sai wata rana wani ma'aikacin gandun daji ya zo sayen shayi. Ya ce akwai wani furoje, shirin kare namun daji, da ke neman 'yan sa kai, masu ido da haƙuri, da za su riƙa bin mota cikin daji suna ƙirga namun da suka rage. Ba albashi, sai abinci da wurin shimfiɗa tabarma, amma wanda ya goge ana iya ɗaukarsa aiki nan gaba. Ban bari ya gama ɗaure ƙullinsa ba na tambaye shi inda buron, wato ofishinsu, yake. Da na faɗa wa uwarku Rakiya, tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wato ka bar shago ka tafi ƙirgar barewar da ba taka ba, ba ta gadonka ba, kuma ba a biyanka. In ka gama ƙirgawa za su ba ka ɗaya ka kawo mu yi miya?"

"Rakiya, hanya ce. Ta nan ake shiga aikin."

"To Allah ya sa hanyar ta ɓulle. Shagon dai zan zauna, amma kada ka dawo kana tambayata ina sukari ya tafi."

Inna kuwa, Allah ya jiƙanta, kun san ba ta taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari. "Kai" ne in tana magana da ni, "wancan" in tana magana da wasu. A shekarar Salisu ya faɗi bak, jarrabawar gama lise, karo na biyu, ba abin da yake yi sai zama a fada, majalisar samarin unguwa, da abokansa, karta da gardamar ƙwallo daga hantsi har magariba. Inna ta ce:

"Kai, in za ka tafi dajin, ɗauki wannan ka tafi da shi. Ko iska ta buge shi ya dawo hankalinsa."

Da ƙafata na je na roƙa a karɓe shi. Wannan ku riƙe shi da kyau, ni na kai shi.

Shugabar aikin wata Anasara ce, Madam Odil, doguwa, rana ta ƙona mata hanci har ya saɓule, ba ta son doguwar gaisuwa. Direbanmu dattijo ne Ba'abzine mai suna Agali, wanda ban taɓa ganin bakinsa ba saboda rawani. Aikin ba shi da wuyar faɗa. Mota tana bin miƙaƙƙen layi a hankali, na'ura ce ke nuna layin, in an ci karo da dutse a zagaye shi a dawo kan layin. Mutum ɗaya yana kallon dama, ɗaya yana kallon hagu, kowa da madubin hangen nesa a wuya, wanda muke kira jumel. In ka ga dabba sai ka faɗi irinta da yawanta da nisanta daga mota, Madam tana gaba tana rubutawa. Ba ka da izinin leƙa gefen ɗan'uwanka, ko da zaki ne ya fito yana rawa. Tun ranar farko ta kafa mana doka da Faransanci:

"Abin da kuka faɗa shi nake rubutawa. Ba na tambaya sau biyu, domin kafin in sake tambaya barewar ta ɓace."

Ni aka ba dama, Salisu hagu.

Na ba aikin nan raina. Na koyi bambanta sawun barewa da na akuya, da kashin ragon dutse da na tunkiya. In ana hutun rana kowa yana ƙarƙashin mota, ni ina can ina auna nisa da taki don idona ya saba. Idona ya yi ja, leɓena ya tsage, wuyana ya sandare wajen kallon gefe ɗaya, har uwarku ta ce na dawo kamar mai fushi da hagunsa. Salisu fa? Fitarmu ta farko amai ya yi ta yi, ta biyu ya manta hularsa, in tafiya ta yi nisa kuma sai ya yi tsit kamar ba ya cikin motar, ni kuma in ce a raina malalacin ya yi barci. Amma dabbobin nan kamar sun haɗa baki. Ni in yini ina kallon duwatsu da ƙaya, in samu tuje ɗaya ko dila, shi kuwa sai ka ji muryarsa, barewa a hagu, barewa kuma a hagu. Wata safiya a bakin hamadar Tenere garken barewa guda ya taso a gefensa, irin wanda Agali ya ce rabonsa da gani tun yana saurayi. Na ji Madam tana dariya kamar yarinya, na ji Salisu yana ƙirgawa, ni kuwa doka ta hana ni juyawa. Ban juya ba. Ina kallon fili fetal a dama har suka ɓace. Da aka tsaya Madam ta bubbuga kafaɗarsa, shi kuma ya yi ta zuba labari da Faransancinsa mai santsi, nawa kuwa ya yi tsatsa a shago. Ranar na fara jin wani abu yana cizona a ƙirji, kuma na san kishi ne.

Amma in faɗi gaskiya, Madam ba ta da son kai, ta ga wanda bai juya ba. Da yamma ta zo inda nake kwance kaya ta ce mutumin da zai iya ƙin kallon garke don kada wani abu ya wuce a gefensa, shi aikin nan yake nema. Na riƙe maganar nan na yi ta juya ta a raina har muka dawo gari.

A shekara ta biyu ta sanar da mu cewa furoje ya samu bursi guda ɗaya tak, wato gurbi na karatu a wata makarantar namun daji a Kamaru, wanda ya gama kuma gandun daji zai ɗauke shi aiki, da kaki da galo, alamar muƙami, a kafaɗa. Akwai iyakar shekaru, ni kuma ina bakin iyakar, in ya wuce ni bana ya wuce ni ke nan har abada. Ba wanda ya yi shakkar wa za a ba. Agali ya fara tsokanata da "mon kafiten". Uwarku da ta yi mini ba'a ita ce ta fara shirin yadda za ta riƙe shago da yara ita kaɗai, har ta sa aka ɗinka mini riguna masu kauri don an ce mata can ana ruwa da sanyi. Ni kuwa da na rufe ido sai in ga kaina da koren kaki ina shigowa kasuwa, masu dabino suna miƙewa.

Ranar da abin ya faru mun dawo daga fita ta ƙarshe ta shekarar, da azahar, muna sauke kaya a farfajiyar buro. Ma'aikatan gandun daji suna zaune ƙarƙashin dogonyaro, Agali yana duba ƙafar mota, Salisu yana tsaye da katifu a ka. Madam ta shiga buro ta fito da fara'a, ta kira ni da ƙarfi, kowa ya juyo.

"Lawali, an amince. Bursin naka ne."

Ku tsaya ku fahimci abin da ya zo mini a lokacin, domin ku 'yan zamani kuna iya cewa wauta ce. Mu an tashe mu a kan cewa in an miƙo maka abu ba ka cafkewa. Ka je gidan mutane da yunwa kamar za ka faɗi, a kawo tuwo, ka ce alhamdu lillahi a ƙoshe kake. Mai gida ya ce haba dai, ka ce da gaske. Sai a na uku ka wanke hannu. Balle a gaban ƙanenka wanda ba shi da sana'a ba shi da ko dala, yana tsaye da katifa a ka, kai babba ka yi tsalle ka rungume alheri kai kaɗai? Babba yakan ce a ba yaro. Yaro kuma ya san nasa, sai ya ce a'a Yaya, wane ni, kai ne gaba. Dattawan wurin su ce madalla, kowa ya yi abin da ya kamata, babba ya karɓa da mutuncinsa. Haka na ga ana yi a kan tsokar nama, a kan riga, a kan sahun gaba a masallaci. Ban ma yi tunani ba, bakina ne ya yi abin da ya saba.

"Madam, na gode ƙwarai. Amma ga Salisu, shi ne yaro, ya fi ni buƙata."

Fara'arta ta ɗauke. Ta dube ni, ta dubi Salisu, sannan ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta sake tambaya.

"Lawali, ka tabbata?"

Na ji daɗi a raina, na ce ashe matar nan ta fara koyon zama da mutane. Na biyu ke nan, saura ɗaya.

"Na tabbata, Madam."

Na tsaya ina jiran na uku, na uku bai zo ba. Ta juya wajen Salisu ta ce, to kai fa, kana so? Nan ma ban tsorata ba, domin ɗakinmu ɗaya, nono ɗaya muka sha, abin da aka koya mini shi aka koya masa. Ya sauke katifun a hankali. Ya dubi ƙasa, ya daɗe yana dubanta, har na fara shirya fuskar da zan yi in ya mayar mini. Sai ya ɗago.

"Ina so, Madam. Na gode, Yaya. Allah ya saka da alheri."

Farfajiyar ta ɗauka da sa albarka. Wani ya rungume ni, wani ya ce yau ya ga zumunci da idonsa. Ina murmushi ina amsa amin. Da na sunkuya ɗaukar bidon, wato jarkar ruwa, Agali ya matso kusa ya yi magana ta cikin rawaninsa yadda ni kaɗai zan ji.

"Lawali, nan ba gidan surukanka ba ne."

Uwarku ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta zauna bakin gado ta dube ni kamar yau ta fara ganina.

"Ka koma gobe da safe ka ce mata kara ka yi."

"Ba ta san kara ba."

"To ka koya mata. Ka iya ƙirga barewa, ka kasa faɗin abin da kake so?"

Na kwana da niyyar komawa, amma labari ya riga ni fita. Liman bayan asuba ya riƙe hannuna bai saki da wuri ba, kafin in kai bakin kasuwa kuma ban san mutum nawa suka tare ni da yabo ba. Na juyo wajen Inna, don ita kaɗai ce in ta ce wa Salisu ajiye zai ajiye. Ina zaure na jiyo ta tana magana da maƙwabciyarta, muryarta a sama, abin da ba ta saba ba.

"Wancan ai ubansa ne ya dawo. Abin da ya yi jiya, ko marigayi iyakar abin da zai yi ke nan."

Tunda aka haife ni ban taɓa jin ta yabe ni ba sai ranar. Na tsaya a zaure har matar ta fita, sannan na shiga na durƙusa. Tana tsintar shinkafa a faifai.

"Inna, maganar jiya, kara ce na yi."

"Na sani."

"To ki yi masa magana."

"In ce wa ƙarami ya tashi ya ba ɗan fari? Da wane bakin? Gobe a ce na zubar da kunya da tsufana." Ta fitar da tsakuwa ta jefar. "Kai kana da shago, kana da mata da 'ya'ya. Shi in ya koma fada me zai zama? Ka riga ka faɗa a gaban mutane. Bar shi ya zama alheri."

Duk da haka na je buro. Madam tana ganina ta taso ta riƙe hannuna da hannu biyu, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ta yi aiki a ƙasashe da yawa ba ta taɓa ganin wa irina ba, kuma ta riga ta buga waya Yamai ta ba da sunan Salisu. Ku gaya mini, a nan ne zan buɗe baki in ce Madam, ba da gaske nake ba? Na ce mata ba komai, na tambaye ta yaushe ne fita ta gaba.

Ni na raka shi tasha. Rigunan nan masu kauri ma shi ya tafi da su, uwarku ta rage musu hannu, tana ɗinki tana tsaki.

Na ƙara shekara ɗaya ina sa kai, da wani mutum dabam a hagu, ina fatan wani bursin. Bai zo ba. Shekaruna suka haura, daga baya daji ya sake rikicewa, aka hana Anasaru fita gari, furoje ya naɗe tabarmarsa. Na koma auna sukari. Da zinariya ta fito a Jado na bi ayari na kai kaya ina sayar wa masu haƙa, kuma a hanya da na zauna a mota kaina da kansa yake juyawa dama, bakina yana motsi, barewa biyu, nisa kaza, ba mai rubutawa. A can na ga ana bin barewar da katkat, motocin nan na ratsa yashi, har su faɗi, ana sayar da naman a bakin ramuka. Na san wanda ya kamata in kira, Salisu ne, lambar wayarsa tana kaina, kuma na kira. Ya ce na gode Yaya, za mu duba, ya turo mutanensa. Na yi murna saboda barewar, amma abincin ranar bai shiga ba, domin ni ne mai kawo labari, shi ne mai ba da umarni.

Shi kuwa tafiyarsa ta miƙe. Ya dawo da kaki, galo ya yi ta ƙaruwa a kafaɗarsa har ya zama kolonel. Kun gan shi a tele, kun gan shi yana sauka daga jirgi. Hoton nan da ke ɗakin baƙi, wanda yake durƙushe ya riƙe ƙahon adakis ana ɗaura mata na'ura a wuya, farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ta kusa ƙarewa a duniya, ku kuka rataye shi don alfahari. Ni ban taɓa ganin adakis da idona ba, kuma ba zan gani ba. Shi ya sa kujerata take ba hoton baya, ba don hasken taga ba kamar yadda nake ce muku. Kada kuma ku ce bai kyauta mini ba. Shi ya kai Inna Makka, shi ya riƙe Nasiru a Yamai har ya gama karatu, bai taɓa zuwa Agadas bai fara sauka a gidana ba. Ya kuma iya aikinsa, wannan ma ya fi ci mini rai, da ya lalata da na samu abin faɗa. Duk alherin da ya zo daga wajensa sai in ce na gode, a ciki kuwa in ce da ni ne mai bayarwa. Abin da ya riƙe ni duk shekarun nan uzuri ɗaya ne da na yi masa. Na ce yaro ne a lokacin, ruɗewa ya yi, bai gane abin da nake nufi ba.

Bara da sanyi ya zo gari, ya kusa ajiye aiki, kansa shi ma ya fara fari. Da hantsi ya zo shago, ba kaki ba direba, ya zauna a kujerar katakon da ke ƙofa. Kasuwa ba mutane sosai. Na ɗora shayi a kan gawayi, muna hirar ciwon gwiwa, ban san lokacin da maganar ta fito daga bakina ba.

"Salisu, ranar nan a farfajiyar buro. Ka san kara na yi maka?"

Bai yi kamar bai gane ranar da nake nufi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga.

"Na sani, Yaya."

"Tun a lokacin?"

"Tun kafin ka rufe baki. Duk wanda ke wurin ya sani, ban da Madam."

"To me ya hana ka mayar mini?"

Ya bi wani mai jaki da kallo har ya wuce ta gabanmu.

"Ka ɗauka barci nake yi a motar nan in na yi tsit. Ba barci ba ne. Ni ban taɓa son wani abu a rayuwata ba sai da ka kai ni dajin nan. Na san ba ni za a ba ba, har na haƙura. Sai ga shi ka ajiye a gabana." Ya mayar da tabaraunsa. "Yaya, da na mayar maka, da ka karɓa?"

"Da gudu."

"Shi ya sa."

Na jira ya ce in yafe masa. Bai ce ba, ni ma ban ce na yafe ba. Shayi ya tafasa, na sauke, na yi ta juya shi tsakanin buta da finjali har kumfa ta tashi. Shi baƙo ne a shagona, finjalin farko nasa ne, har ya fara miƙo hannu. Na ɗaga na shanye da zafinsa yana kallona, sannan na zuba masa na biyu.